Da Ƙafarsa Ya Fita

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta zuwana Makka ina amarya, na rubuta gidanmu na kan dutse a Nakkasa da yadda muke hawa da jarkar ruwa a ka, amma duk sanda na iso shekarar da babanku ya rasu sai in ajiye alƙalami in ce gobe. Yanzu ba ni da wata goben, domin ku biyu kaɗai Allah ya bar mini, kuma tun daga waccan shekara ba ku zauna a tabarma ɗaya ba. Kai Abba kana cewa ƙanwarka ce ta fitar da mahaifinku daga Harami da bakinta, har ya je ya cika a Jidda. Ke Ramla ba ki taɓa musa masa ba, kuma shirunki ya fi maganarsa ci mini rai, don na san yarda kika yi. Na gwada faɗa muku da baki ina cikin takaba, Abba ya ce kare ta nake yi. To ga shi a rubuce, a tsanake, ba mai katse ni.

Sai na fara daga kakanku, Malam Idrisu, wanda Abba ya ci sunansa. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano shi da matarsa da niyyar aikin hajji. Suna tafiya suna yada zango, a yi noma a nan, a yi ɗinki a can, har aka haifi babanku a hanya, a wani ƙauye cikin Sudan. Da suka iso bakin teku inda ake jiran jirgin ruwa, zazzaɓi ya kama Malam Idrisu. A nan bakin gaɓa ya rasu, ana cewa gobe ko jibi za a tashi. Babanku bai gama wayo ba a lokacin. Abin da ya riƙe kawai shi ne mahaifinsa ya ce a juya shi ya fuskanci ruwa. Kakarku ce ta ƙetaro da shi ita kaɗai.

Tun da ya mallaki hankalinsa ya ɗora wa kansa doka, cewa ba zai kwana a wajen iyakar Harami ba. Kun san Makka tana da iyaka, da alamu a bakin kowace hanya, kuma tsofaffinmu da yawa burinsu ajali ya same su a ciki. Amma shi abin nasa ya wuce buri. An kira shi gashin tsire a bikin manya a Ɗa'ifa, ya ce a nemi wani. Lokacin hajji yana shugabantar 'yan dako a Mina, amma ko sau ɗaya bai karɓi aikin Arfa ba, ya ce Mina ciki ce, Arfa waje, sai dai in shi ma alhaji ne a shekarar, ya tsaya don umarni ne, rana na faɗuwa ya juyo. Madina kaɗai ya yarda ya je, ita ma duk hanya yana tambayar direba ko an kusa. In za mu yi umara muka fita Tan'im ɗaukar harami, kafin in gama gyara mayafina ya yi niyya ya dawo ciki, kamar wanda ya baro madara a kan wuta. Wata rana na tsokane shi.

"Malam, wanda ya rubuta ranar, bai rubuta wurin ba ne?"

"Ya rubuta, Hajiya. Ni dai kada a zo a tarar ba na gida."

Haka yake rufe maganar da dariya, ni kuma ban taɓa tona ƙasan dariyar ba. Na ɗauka tsananin son Ɗakin Allah ne, kuma wace mace ce za ta yi ƙorafin mijinta ba ya kwana a waje?

A shekarar da nake magana aka sa wa layinmu na Nakkasa jan fenti, alamar rushewa. Maƙwabta suka watse, wasu Jidda, wasu unguwannin bayan gari. Mu kam ba a ko yi shawara ba, sai cikin iyaka. Muka samu ɗan gida a bene a unguwar Shisha, Abba da iyalinsa a ƙasa, mu a sama. Ramla kuwa ta gama karatun adabi ta fara koyarwa a Jidda, tana zaune wurin gwaggonta, duk Alhamis ta zo mana da jaka cike da littattafai. A wannan zangon wasannin kwaikwayon Yunanawan dā take koyarwa, waɗanda aka mayar da Larabci. Ni karatuna bai wuce firamare da allo ba, don haka da na ga ta duƙufa har tuwo yana hucewa, na ce ta gaya mini abin da ke ciki. Ina dakan ƙuli-ƙulin yajin tsire, tana zaune a bakin ƙofar kicin, babanku yana falo ya yi kamar rediyo yake ji.

Ta ce a wasannin nan kusan kullum akwai wani babban mutum, sarki ko ɗan sarki, da aka sanar da shi wani mugun abu zai same shi. Sai ya tattara wayonsa don ya kauce. Ya bar gari, ya canja hanya, ya kori wanda yake zargi, kuma duk abin da ya yi don ya tsira shi ke jan sa zuwa bakin ramin. Ta ce allolinsu da yawa ne, suna fushi, suna jin haushin mutum in ya ɗaukaka, sai su ɗana masa tarko su koma gefe suna kallo. Na tsayar da taɓarya.

"A'uzu billahi. Wannan kike koya wa 'ya'yan mutane?"

"Bar ta, Hajiya," in ji babanku daga falo. "Wanda bai ɗanɗani maɗaci ba bai san zuma ba. Ke Malama, shi sarkin, laifinsa ne ko na gumakan?"

"Abuya, ai wannan ce tambayar da nake ba ɗalibaina a jarrabawa."

"Sun ci?"

"Har yau ba wadda ta ci."

Ya kashe rediyon ya jawo kujerarsa. Da ta ce masa a kowane wasa akwai wasu dattawa da ke tsaye a gefe, suna waƙa suna cewa kaico, suna ba da shawara bayan abu ya riga ya ɓaci, amma ba mai ɗaga yatsa ya taimaka, sai da ya yi dariya har da tari.

"Waɗannan na san su! 'Yan dakalin Nakkasa ne. Ashe har Yunan suka kai?"

Daga ranar, duk Alhamis in ta yi sallama, kafin ta cire takalmi yake tare ta: "Malama, yau wa Yunanawa suka kashe?" Ta zauna ta ba shi labari, rabi Hausa rabi Larabci, shi yana yanke hukunci kamar alƙali. Wani ya ce girman kai ne ya ci shi, wani ya ce da ya ji maganar matarsa da yana raye, ya kalle ni ta wutsiyar ido. Sau ɗaya na ji ya ce, "Mutanen nan suna da ƙaddara amma ba su da rahama. Wannan ai kurkuku ne." Abba, kai ma kana hawowa wani lokaci, ka tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu kana cewa ɓata lokaci ne, amma ba ka sauka sai an kai ƙarshe. Ina so ka tuna da wannan. Gidan nan bai taɓa daɗi kamar waɗannan Alhamis ɗin ba.

Sai numfashinsa ya fara gajarta. Mutumin da ke hawa dutsen Nakkasa da rago a kafaɗa ya koma hutawa a tsakiyar matakalar bene. Likita ya duba ya ce zuciya ce, sai an yi aiki, kuma ga shekarunsa irin aikin a Jidda za a fi iya yi, can kuma aka samu gado. Ya saurara har ƙarshe, ya yi wa likita godiya, muka dawo gida ya ce ba inda za shi. A ba shi ƙwayoyi, in kwana ya ƙare ya ƙare a nan. Na roƙa, gwaggonku ta roƙa, limamin masallacinmu ya hawo bene ya yi masa nasiha cewa neman magani ba ya karo da tawakkali. Babanku ya ba shi shayi ya raka shi ƙofa. Kai Abba ka goyi bayansa, ba don ba ka son ya warke ba, na sani. Ka tashi kana ganin wannan dokar tasa kamar ginshiƙin gidanmu, ka ji tsoron in ta faɗi har da shi za ta tafi.

Ranar Alhamis Ramla ta zo ta tarar da ƙafafunsa sun kumbura. Ta durƙusa a gabansa, ba ta ko ajiye jaka ba.

"Abuya, kai ne kake yi wa sarakunan nan dariya don suna zaton za su yi wa abin da aka rubuta wayo. To me kake yi yanzu? Ka tsaya a bayan layi kana gadi, wai kai za ka zaɓa wa Allah wuri. Da me ka bambanta da su?"

"Ki rufe mana baki!" in ji Abba. "Ubanmu kike haɗawa da masu bautar gumaka?"

"Ba da kai nake ba."

"Halas, ya isa," na ce, amma ba wanda ya ji ni.

Babanku ya dafa bango ya miƙe ya shiga ɗaki. Ramla ta koma Jidda tana kuka. Alhamis da ta biyo baya ta zo, ya amsa gaisuwarta, bai tambaye ta wa aka kashe ba. Ta gaba ba ta zo ba. Muna nan har watan Zulƙida ya kama, Abba ya tare a Mina wurin gyaran tantuna, ba ya dawowa sai jefi-jefi. Wata safiya da hantsi, ina shanya, babanku ya kira ni ya ce in haɗa masa kaya, in kira Ammu Sale. Ammu Sale abokinsa ne tun suna yara, mai tasi, kuma shi kaɗai ne yake iya gaya masa magana ya kwana lafiya.

"Ina za mu?" in ji Sale da ya iso.

"Jidda."

Sale ya leƙa taga ya duba sama. "A'a, rana dai daga gabas ta fito yau ma."

"Ja mota, tsohon banza. Kuma ta tsohuwar hanya za ka bi."

Wannan ne abin da ba ku gani ba, ku biyun. Abba yana Mina, Ramla kuma na kira ta, ta riga mu zuwa asibiti tana jira. Daga ni sai Sale, shi kuma ya bi abokinsa tun shekara ba ta zagayo ba, Allah ya jiƙansu. Saura ni kaɗai na san abin da aka faɗa a motar nan.

Muna tafe, zafi yana tashi daga kwalta. Da muka hango fararen alamun iyaka a gefen hanya, ya ce Sale ya tsaya. Sale ya gangara gefe ya kashe mota. Na ɗauka ya fasa ne. Sai ya juyo daga kujerar gaba ya dube ni, irin kallon da ba ya yi mini a gaban mutane.

"Hajiya, yarinyar nan ta yi gaskiya, amma ba a inda take zato ba. Ni ba wayo nake yi wa Allah ba. Fushi nake da shi."

Na ce, "Subhanallahi, Malam."

"Bari in gama, numfashin ba yawa. Shekaranjiya bayan azahar ina yi wa Baba addu'a yadda na saba, Allah ka ba shi ladan wanda ya iso. Sai na ji abin da bakina ke faɗa. Tun ina yaro nake maimaita wannan, kamar mai tunatar da wanda ya manta. Na tambayi kaina, me nake zato? Sai na ga ashe a can ƙasan zuciyata na ɗauka tarko aka ɗana masa. An bar shi ya yi tafiyar shekaru da ƙafa, ya ga ruwa da idonsa, sannan aka yanke. Shi ya sa na ƙi motsawa, kada ni ma a yi mini. To wannan zaton ai na Yunanawa ne. Ina tsakiyar Harami, ina ɗawafi, ina zaton Ubangijina irin nasu ne."

Sale ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. 

"In na ce cikawa a waje asara ce," in ji babanku, "to na ce Baba ya yi asara. Kuma bai yi ba. An karɓe shi tun a bakin gaɓa. Ni ne ban yarda ba."

Ya buɗe ƙofa. Na ce ina za ka a wannan rana, da wannan zuciya? Sale ya ce, "Kai, ka shiga mota kada ka faɗi, ba zan iya ɗaukarka ba, ƙato." Bai saurare mu ba. Ya fita da sandarsa ya nufi alamun a hankali. Na fito na bi shi, na miƙa hannu zan riƙe shi, ya girgiza kai. Tafiyar ba ta da nisa, amma sau da yawa ya tsaya yana mayar da numfashi, rigarsa ta jiƙe. Na ga ya wuce alamar, ya ƙara gaba kaɗan, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasar da ke ƙarƙashin takalminsa, tsakuwa ce da busasshiyar ciyawa, ba abin da ya raba ta da ta baya.

"Ita ma tasa ce," ya ce.

Sannan ya ce da ni, "In na dawo, alhamdu lillahi. In ban dawo ba, Abba zai nemi wanda zai ɗora wa, na san ɗana. Ki gaya masa ba a kai ni ba. Da ƙafata na fita."

Sale ya matso da mota, muka shigar da shi. Kafin mu kai Jidda barci ya ɗauke shi, bakinsa a buɗe, irin barcin da rabona da ganin ya yi tun kafin ciwon.

A ƙofar asibiti Ramla ta taho da keken marasa lafiya, idonta a ƙasa, ba ta san ko zai kula ta ba. Ya zauna ya gyara hularsa.

"Malama, an bar ni a baya. Wa da wa aka kashe ba na nan?"

Ta kifa kanta a gwiwarsa. Ya bar hannunsa a kanta har ma'aikaci ya ce muna tare hanya.

An yi aikin. Ya farka, ya sha ruwa, ya yi ƙorafin shayinsu ba shayi ba ne. Har mun fara maganar ranar komawa. Bayan 'yan kwanaki, da safe, zuciyar ta tsaya. Ina gefensa, Ramla tana laƙƙana masa kalmar shahada, kuma ya faɗa. Kai Abba kana kan hanya daga Mina, ba ka same shi ba, kuma na san wannan ne miki na gaske, ba iyaka ba. Aka dawo da shi, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, kuka kai shi maƙabartar Shara'i. Da kuka dawo daga maƙabarta ka dubi ƙanwarka a gaban mata ka faɗi abin da ka faɗa. Ba zan rubuta shi ba.

Ni ba malama ba ce. Tambayar da ɗaliban Ramla suka kasa ci, ba ni zan ci ta ba. Ban san inda zaɓin bawa ya tsaya ba, ban san ko da ya zauna a Shisha zai ƙara wata ko shekara ba, kuma na daina tambaya don ba ta dawo mini da shi. Abin da idona ya gani kawai zan shaida. Jidda aka rubuta masa, ba makawa sai ya je. Da an so, da a sume za a ɗauke shi a motar asibiti yana jin an ci shi da yaƙi. Sai aka ba shi ya je a farke, ya sauke abin da ya ɗauko tun daga bakin teku, ya yi sulhu da Ubangijinsa a gefen hanya. Ramla, ba ki tura shi ba. Kin faɗi magana mai zafi, Allah ya sa ta zama sanadi, shi kuma ya yi kwana da kwanaki yana juya ta har ya samo tasa gaskiyar, wadda ma ba ita kika nufa ba. Ki sauke. Abba, kana tsaron dokar da mai ita ya ajiye da hannunsa.

Yanzu Ramla ta yi aure a Jidda, cikinta na fari ya tsufa. A al'ada gida ya kamata ta zo ta haihu, in yi mata wankan jego a ɗakina. Ta ce ba za ta zo ba, don matakalarmu ta ƙofarka take bi. Ban matsa mata ba. Ni zan je. Zan zauna har ta yi arba'in, kuma wannan ne karo na farko da zan kwana a wajen iyaka tun bayan rasuwarsa. Na tsufa, ina da hawan jini, ban san inda tawa za ta same ni ba, kuma na duba zuciyata ban tarar da tsoro ba.

Tasi ba ta ƙare a Makka ba, na sani. Amma kai nake so ka kai ni, Abba. Mu bi ta tsohuwar hanya in nuna maka wurin, ka tsaya inda ya tsaya. Daga nan in ka ga za ka ajiye ni a ƙofar gidanta ka juyo, ba zan ce maka komai ba. Kayana dai suna da nauyi, ita kuma a bene take.